Wayoyin Layi Na Uku

Shafi na 19

Assalamu alaikum 'yan gidan nan. Na ga saƙonninku kaf, har da na masu cewa wai ba na son Felicity shi ya sa na bari aka cire ta daga gasar kwamfuta ta Sheda. Ni dai yadda abin ya faru nake ba ku. Shafin yau naku ne malaman makaranta da ke cikinmu, musamman masu shiga aji ba kayan aiki su fito da murmushinsu.

*

Ranar Alhamis ce, kwana uku da zuwan baƙi. Darasin kwamfuta shi ne na ƙarshe ga 'yan aji biyar. Malam Ilyasu ya kwantar da kwamfuta ɗaya a kan tebur ya kwance murfinta, 'yan matan suka zagaye shi.

"Ku matso, ba ta cizo. Amma kafin kowa ta sa hannu, me za ta fara yi?"

"A zare ta daga wuta!"

"Sai kuma?"

"A taɓa ƙarfen jikinta, Malam."

Ya gyaɗa kai. Ya danna 'yan maƙalai biyu, ya zaro wani siririn allo mai tsawon yatsa biyu ya ɗaga sama.

"Ameera, wannan fa?"

"RAM ce, Malam."

"Ban tambaye ki sunanta kaɗai ba. Me take yi?"

"Ita ce faifan aiki. Abin da kwamfuta take yi yanzu-yanzu a kai take baza shi. Da an ɗauke wuta shi ke nan, ta manta."

"Madalla. Karɓi ki mayar da ita. A hankali, ki duba tsagin, kar ki yi mata dole."

Ameera ta mayar, ta ji ƙas, ajin ya ɗauki tafi. Malam Ilyasu ya yi murmushi, amma idonsa can baya ya tafi, wajen taga.

Felicity ce zaune ita kaɗai. Yarinyar da kullum hannunta ne farkon shiga cikin kwamfuta, yau littafinta ma a rufe yake.

Tun Litinin take haka. Ranar ce iyayen yara da 'yan kwamitin makaranta suka zo buɗe sabon ɗakin kwamfuta, aka kunna komai a gabansu. Layi na ɗaya ya haɗu da intanet, na biyu ya haɗu, aka zo na uku, kwamfuta shida cikin goma suka ƙi. Shugabar makaranta, Madam Magdalene, ta ji kunya ba kaɗan ba. Baƙi na fita ta juyo ta tambayi wanda ya haɗa wayoyin layin. Malam Ilyasu ya ce na rukunin Felicity ne. A tsaye a wurin Madam ta soke sunanta daga cikin masu zuwa gasa, ta sa na Kauthar.

Aka kaɗa ƙararrawa. 'Yan mata suka yi waje da hayaniyarsu, Felicity ta bi su ba ta kalli kowa ba.

Kauthar ce kawai ba ta motsa ba.

Malam Ilyasu yana ɗaure kusoshin murfin ya ce, "Direbanku bai zo ba ne?"

"Ya zo. Na ce ya jira ni."

"To lafiya?"

Ta buɗe jakarta ta fito da guntayen waya guda biyu, irin wayar da ake haɗa kwamfutoci da ita. Ta fere bakin kowacce, ta jera siraran wayoyi takwas ɗin da ke ciki, ta miƙar da su reras kamar za a sa musu kan roba a matse.

"Malam, ina gwaji ne saboda gasa. Ka duba mini wacce na jera daidai."

Ya kalli hannunta, bai karɓa ba.

"Faɗo mini jerin da baki in ji."

"Fari da goro, goro, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ƙasa, ƙasa."

"To ai kin iya. Matse su ki sa a testa, na'urar gwajin nan, ita za ta gaya miki gaskiya."

"Ba sai da testa ba, Malam. Kallo ɗaya ne."

"Kauthar, sau nawa zan ce muku ba a yarda da ido a aikin nan?"

"Na sani. Yau dai ka kalla."

Muryarta ba rashin kunya a ciki. A hankali take magana, kanta a ƙasa, amma hannunta na miƙe ba ta janye ba.

Ya ajiye sukundireba. Ya karɓi wayoyin ya nufi taga da su. Ya ɗaga ta farko a haske, ya ɗaga ta biyu. Ya kai yatsa ƙasan wajen da ta fere yana lalube, sai ya ji ta warware murɗin tun daga tushe, ba abin da yatsa zai karanta.

Ya sake ɗaga su a haske.

"Wannan," ya ce, ya miƙo ta hannun dama.

Kauthar ta kalli wayar, ta kalle shi. Idonta ya ciko.

"Malam, duka biyun ba daidai ba ne."

Fanka na juyawa a sama, can waje ana jin masu kabu-kabu na kiran Nyanya, Mararaba. Malam Ilyasu ya ja kujerar ɗalibai ya zauna.

"Jarrabawa kika yi mini ke nan."

"Ka yafe mini. Wallahi ba don raini ba ne."

"Zauna."

Ta zauna a bakin benci.

"Me kike son sani?"

"Ranar Talata da aka kawo sabuwar testa, ni ka sa na sake wayoyin layi na uku. Na yanke kawunan da suka lalace na zuba a kwali. Sai na tsaya ina duba su."

"Uhum."

"Felicity in ta gama waya, tana jan layi da biro a wuyan wayar. Kowa ya san ta da haka. Huɗun da suka yi aiki suna da layin. Waɗanda suka ƙi babu."

Ya gyaɗa kai.

"Kuma ranar Juma'a da wuri ta tafi, mamanta ba lafiya. Kai ka ba ta izini. Mai gadi ya ce ranar Asabar da safe ya ga mashin ɗinka a ƙofar ɗakin nan. Makulli kuma kai kaɗai ke da shi."

"Har mai gadi kika je wa."

"Gaishe shi kawai na yi, shi ya faɗa." Ta goge ido da gefen hijabinta. "Abin da ya hana ni barci ba wannan ba ne, Malam. Kuskuren ne. Na jera su a kan gado ina kallo. Shuɗi bai taɓa barin wurinsa ba. Kullum kore ne da goro da ruwan ƙasa suke musanya. Na ce wanda ya koya mana aikin nan ba zai manta jeri ba. Sai dai in..."



"Sai dai in ba ya gani," ya ƙarasa mata.

Ta sunkuyar da kai.

Ya juya wayar a hannunsa, ya yi wata 'yar dariya mara sauti.

"Ina gani, Kauthar. Ina ganinki, ina ganin allo, ina ganin ƙudan da ke kan tagar can. Shuɗi ma ina ganinsa tas. Amma waɗannan ukun, a wurina 'yan gida ɗaya ne. Wani ya ɗan fi wani duhu, shi ke nan."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka haife ni. Ina yaro a Funtuwa, Innata za ta aike ni sayen tumatir, in kwaso mata ɗanye da nunanne a haɗe. Na sha bulala a kan haka. Ita tana ganin wasa nake tsayawa yi a hanya, ni kuma ina ganin ta cika faɗa. Ba wanda ya san akwai wani abu."

"To yaushe ka sani?"

"Bayan na gama karatu. Lokacin da kamfanonin salula suka shigo, kowa na gudun zuwa Abuja. Wani kamfani ya kira mu mu fi ɗari biyu, aka ɗauki tara, ni ne na biyu. Har an auna mini hular kwano da takalmi. Sai aka ce saura gwajin asibiti."

Ya ajiye wayar da ke hannunsa, ya ci gaba.

"Likitar ta buɗe mini wani littafi, shafi cike da ɗige-ɗige. Ta ce wace lamba ka gani? Na ce ba lamba a nan. Ta buɗe wani. Na ce nan ma babu. Na ɗauka wasa take yi. Sai na ga ta ajiye biro tana kallona da tausayi. Ranar na mayar da hular."

"Innalillahi."

"Ba wanda na gaya wa sai matata. Ita ke jera mini hula da riga tun da muka yi aure. Fitilar kan titi kuwa, na sama tsaya, na ƙasa wuce."

Kauthar ta ɗago.

"Amma Malam, shekara uku kana haɗa waya a gabanmu."

"Da yatsa." Ya jawo wata tsohuwar waya daga kwali, ya fere ta da sauri, ya miƙa mata. "Taɓa nan. Kin ga biyu-biyu aka murɗe su. Shafa wannan, ki shafa wancan."

Ta shafa.

"Wannan ya fi matsewa."

"Yawwa. Kowane biyu da irin murɗinsu. Da gangan masu ƙerawa suka yi haka don kada saƙon wannan ya shiga na wancan. Na gaya muku a aji huɗu."

"Ka gaya mana."

"To ni da shi nake karatu. In na saba da naɗin waya, ido rufe zan jera miki. Amma wadda aka kawo don sabon ɗakin nan wata iri ce, ban taɓa aiki da ita ba. Murɗin kusan ɗaya, launin a koɗe. Tsohuwar testa ta faɗi ta fashe tun ranar Alhamis. Baƙi Litinin. Na ce bari in ƙarasa wa yarinyar nan aikinta kar a ga layinta a buɗe." Ya girgiza kai. "Taimako na je yi."

"Shi ya sa kullum kake sa mu faɗi launi da ƙarfi."

"Rabi don ku haddace. Rabi don ni."

Ta ajiye wayar da ke hannunta. Da ta buɗe baki, muryarta ta canza.

"Malam, wannan duk na fahimta. Ba laifinka ba ne, haka Allah ya yi ka. Abin da ban fahimta ba shi ne ranar Litinin."

Ya runtse ido.

"Madam ta tambaya, ka ce na rukunin Felicity ne."

"Na faɗa."

"Tana tsaye a gefenka."

"Tana tsaye."

"Wata huɗu tana shirin gasar nan. Daga Mararaba take tasowa tun da asuba don ta riga cunkoso, ta zo ta yi gwaji kafin a shiga aji. Ni ban kai ta ba, Malam, kai ma ka sani. In na je Sheda da sunanta a goge, me zan ce na je yi?"

"Na yi niyyar gyarawa."

"Yau Alhamis."

Bai yi fushi ba. Ina ma wani ya gaya masa haka tun Litinin.

"Tsoro na ji, Kauthar. Ba wani dogon bayani. Na ga Madam, na ga mutanen nan da manyan riguna, sai na ga likitar nan ta ajiye biro. Bakina ya riga ni. Na ce gobe zan je ofis in faɗa. Gobe ta yi na ce jibi. Malamin haɗa waya da ba ya ganin launi, wa zai bar shi a aji?"

"Mu."

Ya ɗago.

"Kafin ka zo, shekara guda muka yi ana zana mana kwamfuta a allo. Akwai su a sito, a cikin leda, an ce za mu lalata. Kai ka fara ba mu sukundireba."

"Wannan ba zai wanke abin da na yi ba."

"Ba zai wanke ba." Ta share ido. "Akwai abin da ban gaya maka ba."

"Ina ji."

"Jiya na kai wa Felicity kawunan nan. Na ce ga hujja, mu je wajen Madam. Ta ƙwace ta zuba a jakarta, ta ce in na buɗe baki ba ni ba ita."

"Don me?"

"Ta sani, Malam."

Ya tsaya cak.

"Ta san me?"

"Komai. Tun muna aji huɗu. Ta ce wata rana ka ce ta miƙo maka jan alƙalamin allo, ta miƙo kore da gangan don ta tsokane ka, ka karɓa ka yi ta rubutu har aka tashi. Tun daga ranar, duk lokacin da za ka haɗa waya take tsayawa kusa da kai tana faɗin launi kamar tana haddacewa."

Malam Ilyasu ya tuna. Kullum a hagunsa take tsayawa, kullum bakinta na motsi. Shi a zatonsa ƙwazo ne. Har ya taɓa ce wa 'yan aji su yi koyi da ita.

"Ta ce in ka faɗa za a kore ka, a dawo da zanen allo. Ta ce gasa ta shekara ɗaya ce."

Ya sa tafin hannu ya rufe fuskarsa. Kauthar ta kawar da kai wajen taga, don ba ta taɓa ganin babba a haka ba.

Can ya sauke hannun.

"Yarinya 'yar shekara goma sha shida."

"Sha bakwai za ta yi a watan gobe."

Ya miƙe. Ya kashe fanka, ya tattara sukundirebobi ya zuba a akwatinsu ɗaya bayan ɗaya, ya rufe.

"Wa kika gaya wa bayan ita?"

"Ba kowa."

"Je ki, direba na jira."

"Malam, ina za ka?"

"Inda ya kamata in je tun Litinin."

*

Ofishin Madam Magdalene yana ƙarshen baranda, bayan ɗakin malamai. Yana tafe yana jera maganar a ransa. Zai ce a ba shi minti biyar. Zai faɗa mata su biyu, a rufe, in ya so ta yanke abin da ta ga dama.

Ya ƙwanƙwasa.

"Shigo."

Ba ita kaɗai ba ce.

Wani mutum ne zaune a gaban teburin, kakkaura, da rigar aiki mai aljihu da yawa, ƙurar siminti har gwiwar wandonsa. A kusurwa kuma Felicity ce tsaye, hannu a baya, ido jajur.

"Yawwa, Malam Ilyasu, yanzu nake shirin aikawa a kira ka," in ji Madam. "Wannan Mista Simon ne, baban Felicity. Aikin wayar wuta yake yi."

"Sannu Oga Simon."

"Sannu Malam." Ya miƙo hannu, tafin kamar dutse. "Daga wurin aiki na taso, can Lokogoma. Gida arba'in muke sa wa wuta, na bar yara na zo. Kwana uku yarinya na ba ya cin abinci. Na tambaya, ya ce shi ya ɓata aiki a gaban baƙi."

"Na gaya masa abin da ya faru," Madam ta ce. "Ita ma ta amsa da bakinta. Ta ce duka goman ita ta yi."

"Ni na yi, Baba," Felicity ta faɗa da sauri, ba ta kalli Malam ba. "Sauri nake yi ranar."

"Yi shiru," in ji uban.

A kan teburin akwai waya ɗaya daga cikin shidan, wadda Madam ta ajiye tun Litinin. Oga Simon ya ɗauka, ya ciro tabarau daga aljihu ya maƙala, ya kai kan robar kusa da ido.

"Madam, ni ban yi makaranta da yawa ba. Amma waya, shekara ashirin da biyu ina ciki. Yarinyar nan tun yana shekara tara nake ba shi filaya. Na san hannunsa. In ya fere waya, yana barin ɗan tsayi, don yana tsoron yanke na ciki. Kullum ina masa faɗa a kai."

Ya juya kan robar.

"Wannan ba tsayi. Dubi yadda ya zauna, ko gashi ba zai shiga ba. Wanda ya yi wannan ya fi yarinya na. Ya fi ni ma. Hannun babba ne." Ya sauke tabarau. "Hannu ya iya, launi ne bai zauna ba. Shi ne abin da ban gane ba."

"Baba, don Allah mu tafi gida."

"Felicity bai taɓa yi mini ƙarya ba, Madam. Yau ya yi. Ina so in san don wa."

Ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci Malam Ilyasu. Ba faɗa a fuskarsa, tambaya ce kawai.

"Malam, kai ne mai ɗakin. Wa ya yi wannan?"

Felicity ta ɗago a karo na farko. Ta girgiza masa kai kaɗan, yadda ba wanda zai lura.

Malam Ilyasu ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Ni ne."

"Malam!" in ji Felicity.

"Bari, Felicity. Ya isa haka." Ya juya wajen Madam. "Huɗu ta yi, kuma huɗun ne suka yi aiki. Shidan ni na yi su ranar Asabar. Ba na bambance kore da goro da ruwan ƙasa, haka aka haife ni. Na ɓoye lokacin da kuka ɗauke ni, na ɓoye shekara uku. Ranar Litinin kika tambaye ni, na bar yarinya ta ɗauka. Ita ta san matsalata, shi ya sa ta yi shiru."

Ya juya wajen uban.

"Oga Simon, 'yarka ba ta ɓata aiki ba. Ni na ɓata, na kuma ɓata mata suna. Ka yafe mini."

Oga Simon ya kalle shi. Ya kalli wayar, ya sake kallonsa.

"Ba ka ganin launi, ka yi wannan?"

"Da yatsa."

"Kai." Ya ajiye wayar a hankali. "Ban san ko in yi fushi ba ko in ce ka koya mini."

Ba wanda ya yi dariya. Felicity ta fashe da kukan da take riƙewa, uban ya miƙa hannu ya jawo ta jikinsa.

Madam Magdalene ta gyara zama. Ta jawo wata takarda daga ƙarƙashin fayil, ta ja layi a kan suna ɗaya, ta rubuta wani a samansa.

"Felicity, ranar Asabar ƙarfe bakwai motar Sheda za ta tashi. Kar ki makara."

"Madam, Malam fa? Don Allah, Madam..."

"Mista Simon, na gode da ka zo. Ni ma ina ba ka haƙuri, na yanke hukunci ban bincika ba. Ku ba mu wuri."

Suka fita, Felicity na waiwaye har aka rufe ƙofa.

Madam ta cire tabarau ɗinta ta ajiye. Ta nuna masa kujerar da Oga Simon ya tashi.

"Zauna, Ilyasu."

Ya zauna.

"Na ji daɗi da ka faɗa da bakinka. Da ka ƙara kwana ɗaya, da ban san me zan iya yi maka ba. Yanzun ma ban sani ba."

"Duk abin da kika yanke, Madam, na karɓa."

"Ba a hannuna yake ba." Ta kalli agogon bango. "Ka san Alhaji Umar Farouk?"

"Baban Kauthar."

"Kuma shugaban kwamitin makarantar nan. Shi ya tsaya aka gina ɗakin da kake koyarwa a ciki. Ƙarfe goma na safiyar yau ya bugo mini waya."

Malam Ilyasu ya tuna Kauthar ta ce ba ta gaya wa kowa ba.

"Goma na safe?"

"Ya ce kada in bari malamin kwamfuta ya bar makaranta yau sai ya iso. Na tambaye shi lafiya, ya ce in ya zo zan ji. Abu ɗaya kawai ya ƙara."

"Me ya ce?"

"Ya ce ba shi kaɗai zai zo ba. Da likitan ido."

Daga bakin ƙofar makaranta aka danna hon sau biyu, suka ji mai gadi na jan ƙofar ƙarfe da gudu.

Madam ta leƙa ta labule, ta saki.

"Mayar da hularka," ta ce. "Ga su nan."